Tsakanin Haƙuri da Haƙƙi

Duk wanda ya taɓa zuwa jajen haɗarin mota a ƙasar nan ya san kalmomin da ake faɗa. Idan rai ya tsira, sai a ce wa mai motar: "Allah Ya tsare gaba, Allah Ya mayar da alheri. Tun da an tsira da rai, ai dukiya abu ne mai sauƙi." Shi kuma ya amsa da amin, ya ƙara da cewa haka Allah Ya so. Kalmomi ne masu kyau, kuma gaskiya ne. Suna sanyaya zuciya, suna tuna wa mutum cewa ƙarfe ana sake sayensa, rai kuwa babu shi a kasuwa. Sai dai bayan 'yan jaje sun watse, wanda ya yi wa motarsa inshora yakan sami takarda daga kamfani, ɗauke da adadin da aka yanka a matsayin diyyar motar. Sau da yawa adadin ba ya kai abin da yake tsammani. A nan ne tambayar wannan muƙala ta taso: shin haƙurin da aka yi masa wasiyya da shi a wurin jaje ya haɗa har da wannan adadi? Wanda ya ƙi karɓa, ya ce sai an sake lissafi, jayayya yake yi da ƙaddara, ko kuwa haƙƙinsa yake nema?

Amsar da zan kare ita ce: haɗarin ƙaddara ne, amma ƙimar da aka yanka wa motar hukunci ne na ɗan Adam da ya zauna a ofis da alƙalami a hannu. Ana sallama wa ƙaddara, ana kuma da damar tuhumar hukuncin mutum. Sai dai damar tana da sharaɗi guda, wanda ya hau kan kamfani da mai mota baki ɗaya: kowannensu ya auna wa ɗan'uwansa da mudun da yake so a auna masa.

Kafin a yi hukunci, ya kyautu a san abin da ake magana a kai. Inshorar mota da aka fi sani a Nijeriya iri biyu ce. Akwai ƙarama, wadda ta zama wajibi a kan abin hawa bisa wata doka ta 1945. Ita tana biyan ɓarnar da ka yi wa wani, ba ta biyan taka. Daga ranar 1 ga Janairun 2023, hukumar NAICOM, wadda aka kafa a 1997 don sa ido a kan kamfanonin inshora, ta ɗaga kuɗin wannan ƙaramar inshora ga motar gida daga naira 5,000 zuwa naira 15,000, ta kuma ɗaga iyakar diyyar dukiyar da aka lalata daga naira miliyan 1 zuwa miliyan 3. Akwai kuma cikakkiya, wadda ta haɗa da motar mai ita. Zubinta na shekara ba ya gaza kashi 5 cikin ɗari na darajar da aka rubuta wa motar a takarda. Idan haɗari ya yi muni har kuɗin gyara ya kusa kai darajar motar ko ya zarce ta, sai kamfani ya ce ta tashi daga aiki, ya biya diyya, gawar motar ta zama tasa ya sayar wa 'yan gwangwan.

Mu mutanen Zuru ba baƙi ba ne ga irin wannan yarjejeniya, ko da yake sunanta baƙo ne. A al'adar Lelna, waɗanda Hausawa ke kira Dakarkari, akwai golmo: saurayi da sa'o'insa su yi ta noma a gonar surukinsa na gobe, bisa al'ada har shekara bakwai, kafin a ba shi aure. Gumi ake biya tun gaba, alkawari ya cika daga baya. Abin da ya riƙe wannan tsari shi ne kowa ya san kowa. Uban da ya ci gumin yaro shekara da shekaru sannan ya sauya magana, ba zai iya ɗaga kai a gari ba. Inshora ma haka siffarta take: ana zubi tun gaba, a jira ranar da alkawari zai cika. Bambancin shi ne wanda ya ɗauki alkawarin ba ya zaune a gari. Hedikwatarsa tana Legas ko Abuja, kunyar idon jama'ar Zuru ba ta isa can. Abin da ya rage ya riƙe shi kawai shi ne doka, da kuma nacin wanda aka yi wa alkawarin.

Na ga yadda wannan yake a gidanmu. Kawuna tsohon soja ne, kamar maza da yawa na wannan masarauta. Da ya ajiye aiki, ya haɗa kuɗin sallamarsa da rancen banki a 2022 ya sayi a-kori-kura ta hannu a kan naira miliyan 4, tana ɗauko dawa da masara daga kasuwannin Ribah da Mahuta. Bankin ne ya sa masa sharaɗin cikakkiyar inshora, bayan ya gama biyan rancen kuma ya ci gaba da sabunta ta, yana zuba naira 200,000 kowace shekara. A daminar 2024, a hanyar Rijau, taya ta fashe, motar ta ƙwace ta faɗa kwari. Direba da yaron mota sun fita da raunukan da suka warke, motar kuwa ba ta sake moruwa ba. Injiniyan da kamfanin ya turo ya duba ya ce ta tashi daga aiki. Bayan makonni takarda ta iso. An ɗauki miliyan 4, an cire naira 800,000 da sunan ragin tsufa na shekara biyu, an cire naira 320,000 a matsayin kason da mai mota ke ɗauka da kansa, saura naira 2,880,000. A lokacin nan dillalan mota suna yi wa irin wannan a-kori-kura kuɗi wajen naira miliyan 8.

Shawarwari biyu suka yi masa yawa. Wani amininsa da suka yi aikin soja tare ya ce: "Malam, karɓi abin da suka ba ka ka yi haƙuri. Wanda aka bar wa rai ba ya ciniki da ƙaddara." Wasu matasa a tasha kuma suka ce kada ya yarda da ƙasa da miliyan 8, tun da shi ne kuɗin da zai mayar masa da mota. Shi kuwa ya miƙo mini takardun ya ce: "Kai da ka yi boko, duba mini. In nawa ne zan karɓa, in ba nawa ba ne ba na so." Na ce: "Kawu, ku ba ni kwana biyu in karanta sharuɗɗan, amma kada ku sa hannu a kan komai tukuna." Wannan magana tasa, in nawa ne zan karɓa, in ba nawa ba ne ba na so, ita ce ma'aunin da na bi, kuma da ita zan auna adadi ukun nan: miliyan 8 na kasuwa, miliyan 4 na takarda, da abin da kamfani ya miƙo.

Na fara da miliyan 8, domin shi ne zuciya ta fi so. Hujjar masu neman sa ba wofi ba ce. Amfanin inshora shi ne a mayar da mutum inda yake kafin asara, wanda ya rasa mota kuma sai mota ce za ta mayar da shi. Amma kuɗin da kamfani ke biyan diyya da shi ba daga sama ya faɗo ba. Zubin dubban mutane ne aka tara wuri ɗaya, kowa ya zuba gwargwadon darajar da ya faɗa. Wanda ya yi zubi a kan miliyan 4 ya ce sai ya kwashi miliyan 8, kamar ɗan adashi ne da ke zuba rabin hannu, ranar kwasa ya ce cikakken hannu yake so. Rarar da yake nema daga aljihun sauran masu zubi za ta fito, cikinsu har da wani direba a Yawuri ko Argungu da bai san shi ba. Saboda haka miliyan 4 ne rufin abin da za a iya kira nasa. Magana ce mai ɗaci ga wanda ya yi asara, amma adalci yakan fara da yi wa kai iyaka.

Sai adadin kamfani. Kason da mai mota ke ɗauka, kashi 10 cikin ɗari, yana rubuce a yarjejeniya tun ranar farko, kuma yana da hikima: mai motar da ya san zai ɗanɗana wani abu na asarar ya fi kula da ita. Wannan babu ja. Ragin tsufa shi ne wurin maganar. Sharaɗin da ke takardar ya ce za a biya darajar motar a kasuwa daf da haɗarin, muddin ba ta zarce adadin da aka rubuta ba. Darajar kasuwa a lokacin ta ninka abin da aka rubuta, to ina tsufan ya rage? Bugu da ƙari, sau uku kamfanin yana karɓar zubi a kan cikakkiyar miliyan 4. Da a ce motar tana raguwa da kashi 10 kowace shekara a idonsa, da ya rage zubin shekara ta biyu da ta uku. Bai rage ba. Ranar karɓa motar miliyan 4 ce, ranar biya ta koma miliyan 3 da dubu 200. Mudu biyu ke nan, babba na saye, ƙarami na sayarwa. Hausawa kuwa sun ce kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski.

Babu addinin da ake bi a Zuru da bai tsine wa mudu biyu ba. Sura ta 83 ta Alƙur'ani, Muɗaffifina, ta buɗe ne da narko a kan masu cika mudu idan za su karɓa, su tauye idan za su bayar. Littafin Maimaitawar Shari'a, a sura ta 25, ya hana mutum ya ajiye ma'auni iri biyu, babba da ƙarami. Malaman Malikiyya, waɗanda ake karanta littattafansu irin su Risala da Muhtasar a zaurukanmu, sun ƙara wa batun tsari. Sun kasa abin da aka lalata gida biyu. Abin da ake aunawa da mudu ko sikeli, kamar dawa da gero, ana biyan misalinsa. Abin da ba shi da misali daidai, kamar dabba, ana biyan ƙimarsa. Mota ta hannu tana cikin kashi na biyu, domin babu biyu da suka zama ɗaya. Ƙima kuwa masana abin ake tambaya, ba a bar wa wanda zai biya ya yanka da kansa. Ko a batun fansar dabbar da mai harama da aikin Hajji ya farauta, aya ta 95 ta Suratul Ma'ida ta miƙa hukuncin ne ga adilai biyu.

A nan ne gurguntar tsarin take. Injiniyan da ya yi wa motar ƙima kamfani ne ya turo shi, kamfani ne zai biya shi ladansa, gobe ma kamfanin ne zai sake ba shi aiki. Ba sai ya kasance maƙaryaci ba kafin alƙalaminsa ya karkata. Ɗabi'ar ɗan Adam ce ya ga gaskiya ta fuskar da abincinsa ke fitowa. Masanin falsafa na Girka, Aristotil, a kashi na biyar na littafinsa kan ɗabi'u, ya siffanta alƙali a matsayin mai tsayawa tsakiya, wanda ke ɗauke rarar da ɗaya ya samu ya mayar wa wanda aka tauye. Idan mai tsayawa tsakiyar ɗan gida ɗaya ne daga cikin masu shari'ar, jayayyar ɗaya ɓangaren ita kaɗai ce ke iya daidaita sikelin. Mai motar da ya kawo tasa ƙimar daga dillalai, cike gurbin adili na biyu yake yi.

Wani zai ce, ai wannan ciniki ne kamar kowane ciniki: kamfani ya yi tayi, mai mota ya ce albarka, a yi ta ja har a daidaita. Kamar haka ne a ido, amma akwai bambanci mai nauyi. A kasuwa, wanda aka yi wa mugun tayi yana iya jan akuyarsa ya koma gida, ya dawo kasuwa mai zuwa. Wannan 'yanci shi ke sa tayi ya zama halal ko da ya yi ƙasa. Mai motar da ta tashi daga aiki ba shi da abin da zai ja ya koma da shi, ba shi kuma da wani mai saye sai wannan guda ɗaya. Kuɗin makaranta na jiransa, direbansa na zaune babu aiki, kowane mako da ya wuce yana cin jarinsa. Kamfani kuwa jira ba ya yi masa ciwo. Don haka ne Dokar Inshora ta 2003, wadda ke aiki a lokacin kafin sabuwar doka ta maye gurbinta a 2025, ta ɗora wa kamfanin da ya amince da alhaki ya biya cikin kwana 90 bayan fitar da takardar sallama. Tayin da aka yi wa wanda ba shi da mafita, da niyyar gajiya ta sa ya karɓa, ya fi kusa da ƙwace fiye da ciniki.

Yanzu sai maganar aminin kawuna, wadda ita ce mafi ƙarfi cikin abin da za a ƙalubalance ni da shi, domin daga zuciya mai kyau ta fito. Haƙuri maganin zaman duniya ne, yafiya kuma ɗabi'ar manya ce. Me zai hana mutum ya bar wa Allah? Amsata ita ce a duba abin da ake yi wa haƙurin. Fashewar taya a hanyar Rijau ba ta da ofishin da za a kai ƙara. Wanda ya zauna yana ta da-na-sani a kanta ya wahalar da kansa, ya kuma yi wa Ubangijinsa rashin ladabi. Amma cire naira 800,000 zaɓi ne na wani mutum, wanda zai iya zaɓar akasin haka. Idan muka lulluɓe zaɓin mutane da bargon ƙaddara, mun ba kowane mai tauye haƙƙi mafaka a bayan sunan Allah. Da haka ne, da babu dalilin kafa alƙali, da ɓarawo ma sai ya ce rabonsa ya ɗauka.

Ita ma yafiya tana da sharuɗɗanta. Mai yafewa na gaskiya shi ne wanda ya san abin da ake bin sa, yana da ikon karɓa, ya bari don Allah. Wanda ya sa hannu saboda bai fahimci takarda ba, ko don tafiyar Birnin Kebbi da kiran waya sun gajiyar da shi, an ci galabarsa ne kawai, ko da ya kira abin da sunan yafiya. Sa'an nan haƙƙin ba nasa ba ne shi kaɗai. A bayan kowace motar haya akwai tukwane da yawa da ke ɗoruwa a kan murhu. Akwai kuma wanda zai yi haɗari bayansa. Duk lokacin da mugun tayi ya wuce lami lafiya, kamfani ya koyi cewa mutanen wannan yanki ba sa tambaya, gobe sai a yi wa wani abin da ya fi haka. Shirun mutum ɗaya yakan zama farashin da ake yanka wa gari guda.

Akwai ƙalubale na biyu daga wasu malamai: ita kanta inshorar kasuwanci akwai garari a cikinta, wato rashin tabbas game da abin da aka saya, to me ya kai mumini jayayya a kanta? Gaskiya ne Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi, a zamanta na Jidda a 1985, ta hana inshorar kasuwanci ta halatta ta taimakekeniya. Tun a 1979 aka kafa kamfanin inshorar Musulunci na farko a Sudan, a Nijeriya kuma NAICOM ta fitar da ƙa'idojin takaful a 2013. Wanda zuciyarsa ba ta natsu ba yana da inda zai koma, hukuncin abin da ya riga ya shiga kuma malamansa zai tambaya. Amma wannan bai kawar da tambayarmu ba. A takaful ma sai an yi wa mota ƙima, sai an sami mai cewa an tauye shi. Batun ya ma fi nauyi a can, domin asusun na masu zubi ne, kamfani wakili ne kawai mai riƙon amana. Kuma idan rashin tabbas ne aibin, barin kamfani ya yanka adadin da ya ga dama ƙara wa aibin girma ne. Mai neman a bi sharaɗin da aka rubuta rage garari yake yi.

Adalci ya wajabta in faɗi abin da ke gefen kamfani. Tsantseninsa yana da dalili. Akwai masu haɗa baki da makanike a kumbura kuɗin gyara, akwai masu ɓoye tsohuwar lalacewa su jingina ta ga sabon haɗari, akwai masu rage darajar mota ranar zubi don su biya kaɗan, su kumbura ta ranar diyya. Waɗannan ma masu mudu biyu ne, kuma laifinsu ne ke sa a kalli mai gaskiya da zargi. Tun a 1766, a shari'ar Carter da Boehm a Ingila, alƙali Mansfield ya kafa ƙa'idar cewa inshora yarjejeniya ce ta amana, wadda ta hana kowane ɓangare ɓoye abin da ya sani don ya cuci ɗaya. Kamfanoni suna son ambaton wannan ƙa'ida idan za su ƙi biya, amma shi alƙalin ya ɗora ta ne a kan ɓangarorin biyu. Mutumin Zuru da ya tashi da C'lela a gida, ya yi ciniki da Hausa a kasuwa, aka miƙo masa shafuka na ƙananan haruffa cikin Turancin lauyoyi, yana da haƙƙin a bayyana masa da harshen da yake ji abin da za a cire da abin da za a ba shi, tun kafin a karɓi kuɗinsa.

Wannan amana ita ce kuma ke warware batun faɗuwar naira. A watan Mayun 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin hukuma. Bayan an saki kasuwar canji a watan Yuni, kafin ƙarshen Fabrairun 2024 ta haura naira 1,500. Motocin da ake shigowa da su da kayan gyaransu suka bi ta. Dubban masu inshora suka wayi gari adadin da ke takardunsu ya zama rabin gaskiya ba tare da sun lura ba. Wa zai ɗauki wannan giɓi? A shari'ance mai mota ne, domin shi ke faɗin darajar dukiyarsa. A ɗabi'ance kuwa, kamfanin da ke ganin farashin motoci kullum, ya karɓi sabuntawa a kan tsohon adadi bai ce uffan ba, yana da nasa kason zargi. Ba za a tilasta masa biyan abin da ba a yi zubi a kansa ba, amma wanda ya yi shiru ranar da maganarsa za ta amfani abokin hulɗarsa, bai kamata ya zo ranar biya yana ƙirƙiro tsufan da kasuwa ta ƙaryata ba. Darasin ga masu mota shi ne su riƙa sabunta darajar tare da sabunta takardar. Rigakafi ya fi magani.

Idan an yarda jayayya halal ce, saura ladabinta. Abin da muka yi a gidanmu ba shi da wuya. Kawu bai sa hannu a takardar sallama ba, domin ita ce ke rufe ƙofa. Muka nemi a rubuto mana dalilin kowane ragi da sharaɗin da aka dogara da shi. Muka karɓo ƙima a rubuce daga dillalai uku da ba su da alaƙa da mu, muka haɗa da rasiɗan zubi na shekara uku. A wasiƙar muka amince da kason kashi 10, muka bar wa kamfani gawar motar, muka faɗi a fili cewa ba miliyan 8 muke nema ba, naira 3,600,000 ne, muka kuma ambata cewa idan ba a daidaita ba za mu kai koke sashen ƙorafi na NAICOM. Babu zagi, babu ƙarin gishiri, babu neman wani babba ya buga waya. Bayan wata biyar aka janye ragin tsufan. Kuɗin bai sayi wata a-kori-kura ba, kuma watannin nan sun ci wani abu daga darajarsa. Abin da ya saya shi ne kawu ya karɓi nasa, bai taɓa na kowa ba.

Daga wannan duka, abin da na fahimta shi ne haƙuri da neman haƙƙi ba kishiyoyi ba ne, wurin aikinsu ne ya bambanta. Haƙuri ne ke hana mai asara ya zama mai kwaɗayi, ya ce duniya ta biya shi har abin da bai zuba ba. Neman haƙƙi ne ke hana haƙurin ya zama abincin masu tauye mudu. Al'ummar da ta riƙe na farko ta saki na biyu za ta cika da mutanen kirki da ake cuta kullum. Wadda ta riƙe na biyu ta saki na farko za ta cika da masu ƙara da babu amana a tsakaninsu, kuma a cikinta babu asusun taimakon juna da zai ɗore.

Hausawa sun ce mai haƙuri yakan dafa dutse har ya sha romonsa. Mukan kawo karin maganar nan don mu sa mutum ya yi shiru, alhali mutumin da ke cikinta bai zauna ya naɗe hannu ba. Ya ɗora tukunya, ya nemo itace, yana iza wuta yau da gobe, bai fasa ba, bai kuma fasa tukunyar don fushi ba. Irin wannan haƙuri ake buƙata daga wanda aka miƙo wa adadin da bai cika ba: ya karɓi abin da Allah Ya hukunta da hannu biyu, sa'an nan ya zauna cikin natsuwa ya tambayi mutum ɗan'uwansa da wane mudu ya auna.